Uli: titin da jirage suka riƙa sauka cikin dare

Duk wanda ke zaune a Owerri cikinmu, ko yake ɗauko kaya daga Anacha, ya san hanyar nan da ke bi ta Mgbidi da Amorka da Uli ta faɗa Ihiala. Ni kaina na bi ta ya fi a ƙirga, amma ban taɓa sanin a kan me nake wucewa ba sai ranar da na raka mai gidan hayarmu jana'izar yayarsa.

Dattijo ne Ibo, mun fi shekara goma a gidansa, ina ce masa Papa, shi kuma Malam yake ce mini. Muna isa wajen Amorka ya ce wa direba ya tsaya. Na ɗauka fitsari zai yi. Sai ya jawo hannuna muka shiga ta gefen hanya, ya nuna mini wani fili mai ciyayi da gonakin rogo, ya ce, "Malam, da babu wurin nan, da ba ka same ni ka ba ni kuɗin haya ba."

Wato nan ne filin jirgin saman Uli na zamanin yaƙin basasa. Asalinsa ba filin jirgi ba ne, titin mota ne aka faɗaɗa. Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a Oktoban 1967, Fatakwal ta bi baya a Mayun 1968, sai Biyafara ta wayi gari babu tashar jirgin ruwa, babu babban filin jirgi. Daga nan wannan titi, wanda suka laƙaba wa sunan ɓoye Annabelle, ya zama maƙogwaron da suke shaƙar numfashi ta cikinsa.

Da rana a rufe shi da ganyen kwakwar manja don kada jiragen yaƙi su gane shi. Da dare jiragen agaji su taso daga tsibirin Sao Tome da Fernando Po da Kwatano, su zo cikin duhu fitilunsu a kashe. Sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa za a kunna masa fitilun titi na 'yan daƙiƙoƙi, a sake kashewa, domin kuwa akwai jirgin tarayya da ke shawagi a sama yana jiran haske ya saki bam. Ƙungiyar majami'u ta Joint Church Aid kaɗai ta yi sawu sama da 5,000, ta sauke kimanin tan 60,000 na abinci da magani. Matuƙa da dama sun mutu a hanyar, aka binne wasunsu a Uli. A ranar 5 ga Yunin 1969 jirgin yaƙin Najeriya ya harbo wani jirgin Red Cross, daga nan ƙungiyar ta dakatar da nata zirga-zirgar, na majami'u suka ci gaba.

Papa yana ɗan shekara tara a lokacin. Ya ce cikinsa ya kumbura, gashin kansa ya koma ja, ƙafafunsa kamar sillen kara. Yayarsa, wadda muke tafiya binnewa, ita ke goya shi ta kai shi layin da limaman coci ke rabon madarar gari da gishiri da busasshen kifin nan na Norway da suke kira okporoko. Ƙannensu biyu ba su kai ƙarshen yaƙin ba.

Ni kuwa ina tsaye kunya ta rufe ni, don ni ma ina da nawa labarin yaƙin, kuma ba haka aka ba ni shi ba. Baba ya bar Owerri a ƙarshen 1966, lokacin da aka ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya koma gida, ya bar rumfarsa da bashin da yake bin mutane, bai dawo ba sai bayan yaƙi. Kawuna soja ne, ya yi yaƙin, ya dawo da ɗingishi. A gidanmu in ana hirar, ta jarumta ake yi da haɗin kan ƙasa. Ban taɓa jin an ambaci yunwa ba. Kawu yakan ce jiragen dare makamai suke kawowa, kuma bai yi ƙarya ba: ta wannan titi bindiga da harsashi ma suka riƙa shiga, jirgin makamai na bin sawun jirgin madara. Gwamnatin Gowon ta nemi a shigar da abinci ta ƙasa, Ojukwu ya ƙi. Har yau akwai masu cewa agajin ya ƙara wa yaƙin tsawo. Wataƙila haka ne. Amma wannan magana ba ta faɗuwa a gaban mutumin da madarar ta raya, ni dai ban iya ba.

Daga wannan fili Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa a ranar 11 ga Janairun 1970, aka miƙa wuya a Legas ranar 15 ga watan. Yanzu a garin Uli akwai reshen jami'ar jihar Anambra, wadda aka sa wa sunansa a 2014. Ɗalibai na ta kai da kawo a kan acaɓa, galibinsu iyayensu ma ba su ga yaƙin ba.

Da muka koma mota na gaya wa Papa cewa kawuna sojan tarayya ne. Ya ce ai ya daɗe da sani, matata ta gaya wa matarsa tun shekarar da muka tare. Ya tambaye ni ko yana raye, na ce ya rasu. Ya ce Allah ya ji ƙansa, da Hausarsa ta kasuwa, sannan ya ce wa direba ya yi sauri kada a fara addu'a babu mu.

Da na dawo na kwashe labarin duka na ba Baba. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbinsa. Can sai ya tambaye ni ko na kai gudunmawar jana'izar, da nawa na bayar. Na faɗa masa. Ya ce ya yi kaɗan, in ƙara.