Bugu Ɗaya

Mu shida ne, kuma mun fi shekara goma muna wannan al'ada. Kowace Asabar ta farko a watan Disamba, sa'ad da sanyin hunturu ya sauka a Jos, mukan hallara da sassafe a filin golf na Rayfield, wanda aka kafa tun 1913 a zamanin haƙar kuza. A cikinmu akwai likita, da malamin makaranta da ya yi ritaya, da ɗan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati biyu, sai ni. Ba gwani ko ɗaya a cikinmu. Abin da muke takara a kai wani ƙaramin kofi ne na ƙarfe wanda hannunsa ɗaya ya karye, kuma wanda ya ci shi ne zai sayi abincin rana.

Ga wanda bai san wasan ba, ramuka 18 ne, kowa yana bin ƙwallonsa da sanda daga rami zuwa rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Abin da ya bambanta shi da ƙwallon ƙafa shi ne, a wasa irin namu babu alƙali mai busa usur. In ka yi kuskure, kai za ka faɗa da bakinka, a rubuta maka tara. Masu wasan har yau suna ba da labarin Bobby Jones, wanda a babbar gasar Amurka ta 1925 ya ce ƙwallonsa ta motsa a cikin ciyawa, ya ɗora wa kansa tarar bugu ɗaya ko da yake jami'an wasan ba su gani ba. Gasar ta ƙare da kunnen doki, aka sake karawa, ya sha kaye. Na sha ba abokaina wannan labari ina jinjina kai.

A shekarar da nake magana, ni da Malam ne a gaba. Malam ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya fara koya mini riƙe sanda, amma bai taɓa ɗaukar kofin ba. A rami na 16 ƙwallona ta faɗa cikin busasshiyar ciyawa a gindin wata bishiya. Na sunkuya na janye wani ɗan tsinke da ke kusa da ita, sai ta mirgina kaɗan, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Doka a fili take: tarar bugu ɗaya, sannan a mai da ƙwallon inda take. Na ɗaga kai, sauran suna can nesa. Yaron da ke ɗaukar mini jakar sanduna ne kaɗai a bayana. Muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai. Na buga.

Na gama da 91, Malam 92. Ya rungume ni yana dariya, ya ce, "Ƙanena, almajiri ya fi malaminsa." Na sayi abinci, aka ci, aka yi raha. Na kai kofin gida na ajiye a kan kabad.

Na yi ta gaya wa kaina cewa wasa ne kawai. Ba kuɗin kowa na ci ba, kuma ƙwallon ba ta koma wuri mafi kyau ba. Amma lamiri ba ya karɓar irin wannan lissafi. Duk baƙon da ya tambayi labarin kofin, sai in ji bakina ya yi nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne yaron nan. Ya ga dattijo mai furfura, wanda yakan yi addu'a kafin a fara wasa, ya saci bugu ɗaya. Ban ce masa kome ba, amma na koya masa darasi, kuma na san irin darasin.

A watan Agusta Malam ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Da na je asibiti na ga hannun damansa a kwance ba motsi, na gane ba zai ƙara riƙe sanda ba. Wasan da na ƙwace masa shi ne na ƙarshe. Ranar Lahadin da ta biyo aka yi Jibin Ubangiji a ikilisiyarmu, na kasa tashi daga kujera. Koyarwar Yesu a Matiyu sura 5 ta tsaya mini a rai, inda ya sa yin sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko.

Bayan an sallame shi, na naɗe kofin a leda na tafi gidansa. Na zauna a gabansa na faɗi kome. Ya daɗe bai ce uffan ba, ga maganar ma tana yi masa wuya. Can ya ce, "Da ka faɗa a lokacin, bugu ɗaya ne, mu yi kunnen doki. Da ka buga ba ka mai da ita wurinta ba, ya zama biyu." Gaskiyarsa ce, haka dokar take. Shirun da na yi ne ya ninka laifin. Sai ya ƙara da cewa, "Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Na so kofin nan. Amma na yafe. Ajiye shi can inda zan riƙa ganinsa." Na ɗora shi kusa da rediyonsa. Da zan fita ya kira ni ya ce, "Saura yaron."

Neman gafarar yaron ya fi mini wuya, domin a al'adarmu babba bai saba durƙusa wa ƙarami ba. Na same shi a filin, na ce masa abin da ya gani ranar nan ba daidai ba ne, na kuma gaya wa sauran. Ya ce, "Baba, ai kowa yana yi." Wannan magana ta fi ta Malam soka ta. Na ce masa ba kowa ba, na ba shi labarin Bobby Jones, karo na farko da na ba da shi ina jin kunya.

Ɗan'uwa, yawancin gwajin da ke zuwa mana ba su fi faɗin yatsa biyu ba: canjin da aka ba mu fiye da kima, sa hannu a rajistar aiki kan lokacin da ba shi ne ba, 'yar ƙarya don a tsira da mutunci. Ba mai busa usur, amma Allah yana gani, sau da yawa kuma akwai wani yaro a bayanmu yana koyo.

Disambar da ta biyo muka kawo Malam a kujerar guragu, ya zauna a inuwa kusa da rami na ƙarshe, bargo a ƙafafunsa, shi ke karɓar katunan lissafi. Na gama da 97. Biyu daga ciki tara ce da na faɗa da bakina.

Ya Ubangiji, ka ba mu gaskiya a inda ba mai ganinmu, ka kuma ba mu ƙarfin zuciya mu gyara abin da muka ɓata tun da sauran lokaci. Amin.