Yadda Muka Kusa Rasa Ɓerayen Masar Ɗinmu

  

Da Malam ya ce kowane aji ya kawo abin da za a sa a littafin bana, mu ƴan aji 5 ba mu yi dogon tunani ba. Duk unguwa an san mu da abu guda, wato ɓerayen Masar da muke kiwo a bayan ɗakin karatu. Wasu kyansu suka sani, wasu kuma, gaskiya, warinsu suka fara sani. Shi ya sa muka ce gara mu ba da labarin da bakinmu, har da wurin da muka yi laifi.

Bayan kaka ne, cikin watan Nuwamba, muka yi karo-karo na dala 20-20 har muka tara jika 2 da ƴan kai. Muka sayo guda 3 a hannun wani yaro mai sayar da zomaye da tantabaru a nan Maraɗi, dukansu mata. Mai ja-ja muka sa mata Goro, mai ruwan toka muka sa mata Toka, ƴar ƙaramar fara kuma Madara. Malam ya yarda mu aje su a makaranta bisa sharaɗi biyu: kada su hana karatu, kada su dami maƙwabta. Muka ce mun ji, mun yarda.

Muka samu wani tsohon akwatin katako muka sa su ciki. Da aka zo maganar shimfiɗa, ɗaya daga cikinmu ya ce ai garin katako kyauta ne a wurin kafintoci. Muka je da buhu, aka ce mu share ƙasa mu kwasa. Abin da muka kwaso laushinsa kamar garin tuwo, ga ƙamshi. Muka zuba, muka ji daɗi, muna cewa ko amarya ba ta samu ɗaki irin wannan ba. Da suka fara atishawa ma dariya muka yi ta yi, don abin ya ba mu sha'awa.

Sai sanyi ya shigo. Kun san ɗarin Disamba da asuba. Don tausayi muka rufe akwatin da buhu, muka ɗora leda a sama, muka danne da duwatsu. Ba a yi sati biyu ba zarni ya tashi. Maimakon mu kwashe tsohuwar shimfiɗa, sai mu zuba sabon gari a kanta, ta yi kyau a ido, mu tafi. Da abin ya ƙi, wata cikin ƴan matan ajinmu ta ɗebo turaren wutar mamarta, muka riƙa turara akwatin kafin Malam ya iso. Wani ma har turaren fesawa na yayansa ya sato. Kai, ranar nan warin da ya fito ba shi da suna.

Katangar bayan makaranta ta Inna ce, tsohuwar da duk muke gaidawa in za mu wuce. Nan bayan katangar take shimfiɗa buzunta ta yi salla. Ran wata Asabar sai ga ta da sandarta har ƙofar aji. Bayan sun gaisa da Malam ta juyo wajenmu ta ce: "Ɗiyana, mi kuka aje mini a bayan katanga? Ko lazimi ba ni iya ƙarewa sai na tashi." Ba wanda ya ɗaga kai. Malam ya ba ta haƙuri, ya raka ta, ya dawo ya ce: "Kwana 7 na ba ku. In Inna ta sake jin warin nan, ku nemi inda za ku kai su."

A kwana na 3 muka tarar da Madara a kusurwa, ta ƙi ci, gashinta ya tashi, idonta ya yi kwantsa, numfashinta na ƙara kamar ana jan zare a cikin kwalba. Kafin la'asar ta mutu. Ƙaramin cikinmu, wanda shi ya raɗa mata suna, ya yi kuka har ya kasa biya allonsa. Muka tona rami a gindin bedi muka rufe ta. Malam bai yi mana faɗa ba. Ya dai tuna mana hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ce dabbar da ka kulle ba ta da wata dabara sai taka. Wallahi da bulala ya yi mana da ta fi sauƙi.

Washegari ɗaya daga cikinmu ya zo da yayansa, wanda ke karatun noma da kiwo a jami'ar nan ta Maraɗi. Yaya bai ce komai ba sai da ya yaye leda da buhun. Sa'an nan ya ce kowa ya durƙusa, ya sa kansa cikin akwatin har ƙasa, ya ja numfashi sau ɗaya. Muka yi layi. Duk wanda ya ɗago sai ka ga hawaye a idonsa, yana tari. Yaya ya ce: "To, ku numfashi ɗaya kuka ja. Su hancinsu bai fi tsawon yatsa daga wannan shimfiɗa ba, dare da rana."

Nan ya yi mana bayani. Ya ce idan fitsari ya daɗe a wuri mai laima, ƙwayoyin cuta suna ruɓar da shi ya saki wata iska da ake kira amoniya. Ita ce zarnin, ita ce ke sa hawaye, kuma tana ƙona hanyar numfashi har ciwon huhu ya samu ƙofar shiga. Ledar da muka rufa ta hana iskar fita. Garin katakon kuma ƙura ne zalla, ga shi gauraye da ragowar fenti da gam, ba wanda ya san itacen da aka yanka. Wasu itatuwa masu ƙamshi, man da ke ba su ƙamshin shi kansa yana cutar da ƙananan dabbobi. Hayaƙin turare kuwa ƙari ne a kan ciwo. Ya ce ba zai rantse a kan abin da ya kashe Madara ba tunda bai duba ta ba, amma duk abin da ke kawo ciwon huhu mun tara mata shi a akwati ɗaya.

Ya kuma gaya mana abin da ya ba mu mamaki: ashe ɓeran Masar ba daga Masar yake ba. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka yi shekaru dubbai suna kiwonsa. Ƙasa ce mai sanyi-sanyi, shi ya sa ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Ke nan sanyin da muke tsorata masa bai kai zafi haɗari ba, muddin wurinsa a bushe yake kuma iska ba ta bugunsa kai tsaye.

Saura kwana 3, muka tashi tsaye. Akwatin muka fara jefarwa, don katakon ƙasansa ya sha fitsari har ya yi baƙi, ko shekara za a yi ana wankewa ba zai daina wari ba. Wani ya ce a yi keji mai ragar waya a ƙasa, kashi ya riƙa zubewa. Yaya ya hana, ya ce tafin ƙafarsu ba gashi, waya tana sa shi kumburi da gyambo. Sai muka zaɓi wani lungu mai daɓen siminti ƙarƙashin rumfa, nesa da katangar Inna, muka kewaye shi da tubali. Ya ce guda 2 suna bukatar aƙalla santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi, mu kuma muka ƙara a kan haka. Ragar muka sa a sama da gefe ɗaya saboda kyanwa da shirwa, iska tana shiga tana fita.

Maganar shimfiɗa ita ta fi cin lokaci, don kowa da abin da ya kawo. Ƙaiƙayin gero aka fara korewa, yana shiga ido yana sa susa. Audugar tsohuwar katifa ma aka ce a'a, tana naɗe ƙafa, in sun haɗiye ta toshe hanji. Ɓawon gyaɗa yana da kaushi, ba ya shan ruwa sosai, kuma in ya jiƙa yana saurin yin funfuna. Abin da ya rage shi ne takarda a ƙasa don ta sha fitsari, da busasshiyar ciyawa mai laushi a sama.

Da jin takarda muka ce ai wannan mai sauƙi ne, makaranta muke. Muka kwaso tsofaffin littattafanmu da jaridu za mu yayyaga. Allah ya sa Malam ya leƙo. Ya ɗauki falle ɗaya ya nuna mana Bismillah a samansa da rubutun ɗaya daga cikinmu. Ya ɗauki jarida ya nuna mana sunan wani Abdullahi. Ya ce: "Wannan za ku shimfiɗa a yi fitsari a kai?" Jikinmu ya yi sanyi. Muka zauna muka tantance su falle-falle, har littattafan lissafi na lakwal, don can ma da yawanmu da Bismillah muke buɗe shafi. Wanda ba rubutu kaɗai muka ɗauka. Sauran muka cike da kwalin taliya daga mai shago, bayan mun cire salatif da ƴan wayoyin ɗinki. Kwalin sabulu mun mayar, don yana da ƙamshi.

Ciyawa kuwa kyasuwa da harƙiya muka samo wurin masu sayar da ita a amalanke. Sai mun kakkaɓe ƙura, mun shinshina ko ta yi funfuna, mun tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya kafin mu shimfiɗa. Amfaninta biyu ne, suna kwanciya a kai suna kuma ci, ga shi haƙoransu ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke rage su. Harawa kaɗan muke ba su, don tana da sinadarin kalsiyam da yawa, wanda in ya yi yawa yana iya zama tsakuwa a mafitsara.

Sai tsarin aiki. Mun lura ba ko'ina suke fitsari ba, sun fi yi a kusurwa da wurin ɓuya da kusa da abinci. Don haka kullum da safe mutum 2 masu aikin ranar suna kwashe jiƙaƙƙen wurin da kashi, su sa sabo. Ba ya cin minti 10. Ranar Alhamis da ba karatu muna kwashe komai, mu wanke daɓen, mu bar shi ya bushe ƙarau kafin su koma. Farin tabon da fitsarinsu ke bari, binegar irin ta masu salak muke gaurayawa da ruwa rabi da rabi, mu zuba, ya narke, mu ɗauraye. In babu, lemun tsami ma yana yi. Yaya ya ja kunnenmu sosai kada mu taɓa zuba ruwan jabel a kan fitsari, don haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, har ga mutum. Kwanon ruwansu da suke kifarwa kullum muka canza da kasko mai nauyi. Ashe rabin laimar daga nan take.

Ran kwana na 7 Malam da kansa ya je ya ɗauko Inna. Ta zagaya, ta tsaya, ta shinshina, mu kuma zuciya na dukan uku-uku. Can sai Goro ta fito tana ƴar kukan nan tata ta neman abinci. Inna ta yi dariya ta ce: "Wannan abar ce duk ta tada mini hankali?" Sa'an nan ta tambayi inda muke kai shimfiɗar da muka kwashe. Muka ce bola. Ta ce: "Kun ga wautar yara. Ku kawo mini." Yanzu rami ta sa aka tona mata, muna zubawa ana rufewa da ƙasa, in ya ruɓe ta sa wa zogalenta. Ita kuma takan aiko mana da ganyen salak da guntun tattasai mara yaji, waɗanda suke bukata kullum, don jikinsu kamar namu ne, ba ya haɗa bitamin C da kansa.

Da bazara ta zo, watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, mun sake shan wuya. Muka rage kaurin ciyawar, muka aje tulu mai ruwa a lungun suna jingina da shi, muka rataya jiƙaƙƙen buhu ta waje inda ba zai ɗiga a shimfiɗa ba. Alhamdu lillahi Goro da Toka sun ga damina lafiya.

Ƴan aji 4, ku za mu bar wa su baɗi in Allah ya kai mu. Jadawalin aiki yana manne a bayan ƙofa. In kun ji zarni kada ku nemi turare, ku durƙusa ku nemi inda ya jiƙe ku kwashe. In kun ji atishawa ta yi yawa ko ɗaya ta ƙi ci, ku gaya wa babba a ranar, a nemi likitan dabbobi, kada ku jira gobe kamar yadda muka yi. Kuma ku riƙa gaida Inna.

Muna godiya ga Malam da ya ba mu kwana 7 maimakon ya kore su nan take, da Yaya da ya bar karatunsa ya zo, da iyayenmu da suka yi haƙuri da ƙarangiyar da muke kwasowa a tufafi. Inna, a ƙara yafe mana. Allah ya yafe mana hakkin Madara, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.



Ɗaliban aji 5