Yafiya Saki Ce

A Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Helenanci, akwai kalmar aiki guda, "afiyemi", mai ɗauke da ma'anoni da dama. Da ita Markus ya ba da labarin masunta da suka bar tarunsu, da zazzaɓin da ya saki surukar Bitrus. Da ita kuma Matiyu ya yi zancen yafe bashi da gafarta zunubi.

Nakan tuna da haka a babbar kasuwar Sakkwato, in na ga mai shago ya buɗe littafin bashi ya soke sunan wani da biro. Bai manta da kuɗin ba, ya dai daina bi. Da yawanmu mukan ce mun yafe, alhali muna nan riƙe da lissafi. Wanda bai saki ba, bai yafe ba.