Jitar Baba

Ranar rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya kalli jitarsa, sai na ɗauka. Fender Jazz Bass ce ƙirar Amurka, mai tsirkiya huɗu masu kauri, samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1960. Da kiɗanta ya ciyar da mu kafin ya samu aikin gwamnati.

Zaman kan sif ya ci ta. Hunturu ya lanƙwasa wuyanta, kunne ɗaya na ɗaure tsirkiya ya ɓace. Tsirkiya da wayoyin ciki ban damu ba, sababbi na saka, mai gyaran rediyo ya liƙa da dalma. Wahalar tana ga maganaɗisun nan biyu da ke ɗaukar girgizar tsirkiya su mayar da ita sauti. Ɗaya ya mutu. Sabo yana da araha, amma muryar za ta canza, ni kuwa muryar da Baba ya ji nake so 'ya'yana su ji, tunda ba su riske shi ba. Wata biyar ina duba eBay a dutin dare, bayan na gama raba magani, kafin na samu na zamaninta. Maigida da ya ji kuɗin sai ya ce, "Maman yara, da kuɗin makaranta fa?" Adashina na zuba.

Mai gyaran ya so ya sake mata fenti, na hana. Inda fentin ya goge, nan hannun Baba ke kwanciya. Kunnen kam har yanzu ina cigiya.