Dajin Falgore: Ba a Shigarsa da Ka

Mu 'yan Ƙofa da Kiru mun fi sanin Dajin Falgore ta tagar mota a hanyar Jos, direba yana sharara gudu kada dare ya riske shi a ciki. Alhali tun shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi a matsayin gandun daji. Kogin Kano ne ya ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan da manoman Kadawa da Kura ke noman rani da shi ke nan.

Lokacin hunturu tattaki ya fi daɗi: ciyawa ta bushe, hanya ta fito, ga inuwar ɗorawa da kaɗanya. Kwana a tanti kuwa, ba mu ba ku shawara ba. Ɓarayin shanu sun daɗe suna fakewa a ciki, har sojoji suka kafa sansani. Ku nemi izini ta hannun makaranta, ku tafi da ma'aikatan gandun daji, ku fito kafin la'asar. Mai sha'awar kwale-kwale ya tsaya Tiga wurin masunta, kuma kada ya shiga sai da rigar hana nitsewa.

A hanyar dawowa, ku ƙirga buhunan gawayin da ke jere a bakin titi.