Famfon da ya ƙi tsayawa

Ina yaro na ga yadda ake ban ruwa da takarkart a garken kakanmu, bakin Telwa, arewa da Agadez: raƙumi ya ja igiya, guga ya hau, ruwa ya bi kwata. In yaro ya yi barci, raƙumi ya tsaya. Ba a taɓa wayar gari rijiya ta ƙafe saboda mantuwa ba.

Yau famfo mai aiki da hasken rana ke cikin rijiyar. Ɗan ƙanwata, ɗalibi ne, ya ɗaura masa wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a Ingila a 2012. Tun 2014 irinta na da ƙusoshi 40 a jere, 26 daga ciki su ne ake kira GPIO: kowace ana iya sa ta saurara, ko ta bada umurni. Ƙarfinsu bai wuce bolt 3,3 ba, don haka ba su juya famfo da kansu. Wani makunni suke taɓawa, shi ya saki wuta.

Wata Juma'a muka tafi ɗaurin aure cikin gari. Da la'asar muka tarar fangalin albasa sun zama tabki, rijiya ta koma laka, famfo na juyi ba ruwa, ya yi zafi har ya lalace. Kuɗin albasar bara suka tafi wajen sayen wani.

Na tambayi yaron dalili. Ya ce: "Kawu, ɗauki Linux kamar gida. Zuciyarta ita ce cikin gida, can ƙusoshin suke. Umurnin da na rubuta baƙo ne, a zaure yake tsayawa, sai dai ya yi aike." Ashe tsohuwar hanyar aike ya bi, mai suna sysfs: ka rubuta 1 cikin wani fayil, famfo ya tashi, ka rubuta 0, ya tsaya. Aibinta, gidan bai san wanda ya yi aiken ba. Umurninsa ya maƙale bayan ya rubuta 1, babu mai rubuta 0.

Tun 2016, da fitowar Linux 4.8, aka buɗe sabuwar ƙofa, /dev/gpiochip0, wadda ake bi da libgpiod, aka kuma yi shelar barin tsohuwar. A nan aron ƙusa ake yi da suna. Muddin tana hannunka, wani ba ya taɓa ta. In umurninka ya mutu, gida ya karɓe abinsa. Amma karɓewa ba kashewa ba ce tabbas. Shi ya sa yaron ya ƙara ɗan ƙarfe mai rage wuta da ke ja makunnin zuwa kashe in ba mai riƙe da shi, da agogon da ke katse famfo bayan awa guda.

Na daɗe ina tunanin wannan. Ma'aikacin da ya taɓa neman wanda ya bar injin biro kunne, da ɗan kasuwar da ya ba yara biyu mabuɗi ɗaya, sun san ciwon. Kayan da ba a rubuta wanda ya ara ba, ranar ɓarna ba shi da mai shi.

An sake dashen albasa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.