Abin da Harshe Bai Sani Ba

A yammacin ƙasar Beljiyam, kusa da garin Poperinge, akwai wani dattijo wanda ya shafe shekara talatin da 'yan kai yana cin abinci da hancinsa da harshensa. Sana'arsa ita ce ɗanɗana giya a wani kamfani. Kowace safiya akan jera masa ƙananan kofuna a kan tebur, ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya sansana, ya kurɓa, sa'an nan ya ce wannan ta isa shiga kasuwa, waccan kuwa a tsare ta. Maganarsa yankan wuƙa ce. Ko bayan da ya yi ritaya, masu dafa giya na ƙauyukan kewaye ba su daina sallama a ƙofarsa da kwalabe a hammata ba.

Mai karatu zai iya mamakin yadda irin wannan aiki zai ba mutum girma, amma a Beljiyam abin ba baƙo ba ne. Ƙasar tana da giya wajen iri 1,500, har ma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Daga cikin waɗannan ire-ire, wadda aka fi girmamawa ita ce baƙar giya mai ƙarfi, irin wadda ruhubanawan ɗariƙar Trappist ke dafawa a cikin gidajen ibadarsu. Gidan Scourmont, mai giyar Chimay, ya soma tun 1862, kuma ta cikin kwalba mai shuɗin tambari ƙarfinta kashi 9 ne cikin 100. Ta gidan Sint-Sixtus a Westvleteren, wanda tsakaninsa da Poperinge 'yan kilomitoci ne, ta kai kashi 10.2, ta Rochefort mai lamba 10 kuwa kashi 11.3, alhali giyar yau da kullum ba ta cika wuce kashi 5 ba. Masu tarihi sukan danganta yaɗuwar giya mai ƙarfi da dokar Vandervelde ta 1919, wadda ta hana sayar da barasa mai zafi irin su jin da wuski a mashaya. Saboda wannan ƙarfi nata ba a kwankwaɗar ta, kurɓa ake yi, kuma dattijon ya binne abokai da dama waɗanda suka mance da haka.

To, a ƙarshen shekarar 2020 cutar korona ta kwantar da shi mako biyu. Ya tashi lafiya lau, sai abu guda: hancinsa ya mutu. Gahawa ta zama ruwan zafi mai ɗaci kawai, burodi sabon fitowa kuwa ba ya da bambanci da soso. Mutane da yawa da abin ya sama sun warke cikin 'yan makonni, shi kuwa aka yi wata, aka yi shekara, shiru. Bai faɗa wa kowa ba. In an kawo masa kwalba sai ya kawo uzurin mura, ko ya ce likita ya hana shi. A ɓoye kuwa ya ajiye 'yan kwalabe huɗu a cikin akwati, ɗaya da man fure mai suna wardi, ɗaya da man itacen zaiti, ɗaya da lemon tsami, ɗaya da kanumfari, yana sansanarsu safe da yamma, bisa hanyar horar da hanci wadda Farfesa Thomas Hummel na Dresden da abokan aikinsa suka bayyana a 2009.

Dattijon yana da ɗan 'yar'uwa, saurayi mai zafin nama, wanda ya gaji gonar mahaifinsa. Yaron ya yanke shawarar barin takin zamani da feshin maganin ƙwari, ya koma irin noman da mutanen can ke kira bio. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin dokar Tarayyar Turai ta ce sai gona ta yi shekara biyu a kan sabon tsari kafin a shuka abin da za a kira bio. A tsawon wannan lokaci amfani yakan ragu, ciyawa ta yi yawa, farashi kuma bai ƙaru ba. Ya ci bashin banki ya sayi tukwanen ƙarfe, ya noma sha'ir ɗinsa, ya kai aka jiƙa shi ya tsira, aka busar, aka gasa wani sashe har ya yi duhu. Ya sayi furen hof, watau wani tsiro mai yaɗo wanda ke ba giya ɗaci, daga wani maƙwabci mai irin nomansa, da yake Poperinge ita ce cibiyar noman hof a ƙasar. Ya ƙara baƙin ruwan sukari, ya zuba yisti, giya ta tsima, ya ɗura a kwalabe masu ɗauke da tambarin koren ganye na taurari, wanda Tarayyar ke sa wa kayan bio tun 2010. Burinsa ya sayar da ita a kasuwar Kirsimeti ya rage bashi. Abu ɗaya ya rage, shi ne kalmar kawunsa.

Wata ranar Nuwamba da la'asar sakaliya, sanyi ya sauka, duhu ya fara shigowa, sai ga shi ya yi sallama. Wannan karon babu mura da za a fake da ita, domin yaron ya ajiye kwalbar a kan teburin kicin ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "Nonkel," watau Kawu ke nan a bakin mutanen yankin, "duk abin da na mallaka yana cikin kwalbar nan. In ka ce ta yi, gobe mota za ta ɗauka."

Dattijo ya taɓa kwalbar da bayan hannu, ya ji ta yi sanyi da yawa, ya ce a bar ta ta huce, gama irin wannan giya ba ta buɗe baki sai sanyinta ya sauka zuwa wajen digiri 12. Da lokaci ya yi ya ɗauko kofin gilashi mai ƙafa da faɗin baki, ya karkata shi, ya tsiyaya a hankali, ya bar ɗan guntu a gindin kwalba inda yisti ya kwanta. Ya ɗaga kofin saitin fitila. A ido tana kama da baƙa, amma da haske ya ratsa ta sai ga ja mai duhu kamar na cikakken dabino. Kumfarta launin ƙasa-ƙasa ce, mai kauri kamar yatsa biyu, ta daɗe ba ta faɗa ba, da ta janye kuma ta bar zane a jikin gilashi. Har nan dai babu abin da ya gagare shi.

Sa'an nan ya kai kofin hanci, yadda ya yi sau dubbai a rayuwarsa, ya ja numfashi. Babu kome. Kamar mutum ya leƙa ɗakin da ya saba gani cike da jama'a ya tarar an kwashe har tabarma.

Ya kurɓa. Zaƙi ne ya fara tarbarsa, mai nauyi, amma bai kai na zuma ba. Iskar da ke cikinta ta ɗan tsattsaki harshensa, ta hana zaƙin ya gundure shi. A ƙarshe ɗaci ya biyo baya, siriri, tare da ɗan bauri a dasashi. Ya haɗiye, domin maɗanɗanin giya ba ya tofarwa. A nan ne ya ji wani abu da bai gamshe shi ba: ɗumin da ya kamata ya sauka ƙirji a hankali kamar an lulluɓa wa mutum bargo, sai ya zo da ɗan zafi mai kartar maƙogwaro.

Abin da ya sa wannan bai isa a yanke hukunci ba shi ne, harshe ɗalibi ne mai ƙaramin sani. Darasi biyar kacal ya iya: zaƙi, da tsami, da ɗaci, da gishiri, da garɗin nan na romo wanda Kikunae Ikeda na Japan ya bayyana a 1908. Sauran duk abin da mutane ke kira ɗanɗano aikin hanci ne, wanda ke da na'urorin kama ƙamshi wajen iri 400, kamar yadda ya bayyana bayan binciken da ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami lambar Nobel a 2004. Sa'ad da mutum ya haɗiye abu, ƙamshinsa yakan bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, mutum kuwa ya yaba wa harshe. Bugu da ƙari, yawancin aibobin giya a ƙamshi suke ɓuya: warin jiƙaƙƙen kwali in iska ta shige ta, ƙamshin man shanu in yisti bai gama aikinsa ba, warin fenti in ta tsima cikin zafi fiye da kima. Duk waɗannan ƙofofi a rufe suke ga dattijon.

Ƙarya kuwa tana nan kusa, mai sauƙi. Ya san kalmomin da ake faɗa wa irin wannan giya kamar yadda ya san sunansa: zabibi, busasshen ɓaure, ƙonannen sukari, cakulan, kanumfari. Da ya jera su, da yaron ya tashi da murna, shi kuma girmansa ya zauna daram. Amma in akwai aibi a kwalbar, masu shaguna za su saya sau ɗaya ne tak, kuma sabon suna in ya ɓaci a karon farko da wuya ya gyaru. Ya dubi hannuwan yaron, duk sun faffashe saboda cire ciyawa, ya ajiye kofin.

Ya ce, "Yaro, shekara biyu ke nan ban ji ƙamshin kome ba. Abin da ido da harshe suka gani zan faɗa maka. Sauran, in na faɗa, na yi maka ƙarya."

Ɗaki ya yi tsit. Yaron ya buɗe baki ya rufe, ya rasa ko ta'aziyya zai yi ko kukan kansa. Dattijo bai ba shi lokacin zaɓa ba. Ya miƙe ya shiga buɗe kabad, ya ɗebo zabibi, da ɓaure, da kanumfari, da ɗan man shanu, ya ƙona sukari a cokali, ya yage kwali ya jiƙa, ya aiki yaron ya ɗauko tsohon gwangwanin fenti a rumfa. Ya jera su a tebur, kowanne a ƙarƙashin kofi.

Ya ce, "Kai kana da hanci ba ka da suna, ni ina da suna ba ni da hanci. Rufe idonka."

Suka yi ta yi har dare ya raba. Yaron ya sansana abu, ya sansana giya, ya ce akwai ko babu. Zabibi akwai, da yawa. Ɓaure akwai. Ƙonannen sukari akwai. Kanumfari akwai kaɗan, can baya, ko da yake bai sa kanumfari a tukunya ba, kawun ya bayyana masa cewa yistin ne ke haifar da shi. Kwali babu, man shanu babu. Da aka zo kan fenti sai ya yi jim, ya sake sansanawa, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Akwai, Nonkel. Tun makon jiya nake jin sa, na ce wa kaina ba kome ba ne."

Nan shaida biyu suka haɗu, zafin da ya karci maƙogwaron tsoho da warin da hancin yaro ya kama. Da aka bi diddigi sai yaron ya tuna cewa a kwanakin farko na tsimuwa tukunyar ta yi zafi, bai sanyaya ta da wuri ba. Dattijo ya gaya masa gaskiya, cewa irin wannan kaifi wani lokaci yakan kwanta in giya ta yi watanni a ɗaki mai sanyi, wani lokaci kuma ba ya kwantawa, kuma ba mai iya yi masa alkawari. Hukunci dai shi ne mota ba za ta ɗauka gobe ba. Kasuwar Kirsimeti ta wuce shi, ya je banki ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, ya sayar da wani kaso na sha'ir ɗin da ya tanada don tukunya ta biyu. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma a wannan dare kowannensu ya kurɓi rabonsa: ɗaya ya furta abin da ya ɓoye wa jama'a, ɗaya ya furta abin da ya ɓoye wa kansa.

Ko wanda bai taɓa kusantar giya ba, ba ya kuma da niyyar kusantar ta, zai ga abin lura a nan. Ɗanɗano abu ne da ba shi da shaida. In mutum ya ce ya ga doki, ana iya zuwa a duba, amma in ya ce ya ji ƙamshin ɓaure, ba mai iya shiga hancinsa ya tabbatar. Shi ya sa a shekarun 1970 masana irin su Morten Meilgaard suka tsara wa masu sana'ar jerin kalmomi, don in ɗaya ya ambaci suna sauran su san abin da yake nufi. Amma jerin kalmomi ba ya hana ƙarya, sai ma ya sauƙaƙa ta ga wanda ya haddace shi. Abin da mutanen ƙauyukan nan suka yi shekaru suna saye a wurin dattijon, ashe ba hancinsa ba ne kaɗai, har da amincewar cewa ba zai faɗi abin da bai ji ba. Hancin ya tafi, wannan kuwa cuta ba ta taɓa shi ba.

Da hunturu ya wuce, itatuwa suka fara toho, yaron ya komo da wata kwalbar daga cikin waɗanda aka ajiye. Wannan karon shi ya taɓa ta da bayan hannu, shi ya tsiyaya, shi ya fara magana. Ya ce fentin ya ja baya ƙwarai, zabibi da cakulan sun fito gaba. Dattijo ya kurɓa, ya ji ɗumin ya sauka ƙirji ba tare da karta ba, ya gyaɗa kai, ya buɗe tsohon littafinsa na aiki ya rubuta abin da yaron ya faɗa, ya sa sunan yaron a gefe. Da ya haɗiye kurɓi na biyu sai ya ji kamar wani abu ya gifta can bayan hancinsa, siriri, mai kama da abin da ke cikin kwalba ta huɗu a akwatinsa. Ya tsaya, ya jira, abin bai komo ba. Yaron ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya rufe littafin. Bai rubuta kanumfari ba, domin bai tabbata ba.